Ƙofar Auta

"Wallahi Baba, ba zai taɓa ƙofar nan ba!"

"To ba zai taɓa aurenki ba."

"Baba!"

"Auta!"

Haka muka yi cirko-cirko a garejin gidanmu, ni da mahaifina, tsohuwar motarsa tana tsakaninmu ta zuba mana zagayayyun fitilunta.

Baba tsohon mai fentin motoci ne. Motar nan ja ce, ta girme ni nesa ba kusa ba. Mu huɗu ya haifa, duk mata, ita ma ƙofarta huɗu, shi ke nan ya kafa doka. Duk wanda ya zo neman 'yarsa, za a miƙa masa samfefa, takardar nan mai kaushi ta goge fenti, da bokitin ruwa a nuna masa ƙofa ɗaya. Ya goge dusasshen fentin, ya sa folish, har sai Baba ya ga fuskarsa tar a ciki.

"Hannun da bai iya lallaɓa fenti ba," in ji shi, "ba zan damƙa masa 'yata ba."

Yayyena uku duk sun tafi gidajensu, ƙofofi uku suna ƙyalli har suna kashe ido. Saura tawa, ƙofar direba, tana nan a dushe kamar gindin tukunya. Duk unguwa an san ma'anarta. In Baba ya fito da motar, sai mai shagon kwana ya leƙo yana washe baki.

"Auta, har yau ƙofarki ba ta waye ba?"

Ba don ba a gwada ba fa! Wani ma'aikacin banki ya zo da injin guga yana hura hanci, ya ƙona fentin a gefe. Wani malamin makaranta ya goga a bushe ba ruwa, ya bar mata zane kamar kyanwa ta yi wasa. Ban damu da su ba, don ba na son ko ɗaya. Amma kowanne ya tafi da ɗan fenti, har Baba ya shafa ƙofar ya ce, "Saura guga ɗaya. Daga ita sai ƙarfe. In ƙarfe ya fito, sai ki haƙura ki zauna da ni."

Sai kuma Allah ya haɗa ni da Mai Burodi.

Ina sonsa, so irin wanda ke hana ni cin abinci. Matsalar ɗaya ce, hannunsa. Tafinsa ya kai faranti. Mutumin da kullum aikinsa murza kwaɓin fulawa! Ranar da ya fara zuwa gidanmu ya ce zai buɗe min kwalba, sai ga wuyan kwalbar a hannunsa. Tun daga ranar Baba ya raɗa masa suna Buhu.

Da na kai masa labari a gidan burodinsa, kuka na fashe da shi.

"Shi ke nan, rabin raina... za ka huda ƙofar, in tsufa a gida!"

"Haba zumata, daina kuka. Koya min."

"Kai ɗin?"

"Ni ɗin."

Na koya masa, don a garejin nan na tashi. A jiƙa samfefa mai laushi a ruwan sabulu, a naɗe ta a soso, a tafi a miƙe, ban da zagaye, ban da dannawa, a kiyayi gefe don nan fenti ya fi siriri.

Ya fara gwaji da tankin babur ɗinsa. Kafin in ƙifta ido ya kai ƙarfe. Ya koma kan firjin shago, ya mayar da shi kamar mai ƙyasfi. Ƙanwarsa ta kira ni a waya tana haki.

"Anti, don Allah ki zo ki kama saurayinki, ya gama da akwatin mamarmu yana kallon ƙofar ɗakina!"

Ranar gwaji yayyena suka cika gidan da mazajensu, wai sun zo ba mu ƙarfin gwiwa. Ƙarya suke, kallo suka zo. Baba ya dasa kujera a bakin gareji ya harɗe ƙafa.

Mai Burodi ya durƙusa ya gaishe shi, ya wanke ƙofar tas, sannan ya rufe ido yana shafa ta da yatsu.

"Kai Buhu, barci ka zo yi?"

"A'a Baba. Haka nake jin kwaɓi in ya yi."

Mijin Yaya Babba ya ƙyalƙyale da dariya. Na galla masa harara ya haɗiye sauran.

Ya fara. Shuu... shuu... a hankali kamar mai yi wa jariri wanka. Ruwa ja-ja yana gangarowa. Duk sanda ya doshi gefen da ma'aikacin banki ya ƙona sai in dafe ƙirji, shi kuma sai ya ɗage hannu ya tsallake wurin.

Da ya tsane ruwan, ƙofar ta bushe ta yi fari-fari kamar an shafa mata alli. Ya zabura ya dafe kai.

"Wayyo Allah! Na kashe ta! Zumata, na kashe aurenmu!"

Laifina ne. A duk gwajinsa bai taɓa barin fentin da zai kai wannan matakin ba, ni kuma na manta ban gaya masa ba. Ƙaton mutum, ga hawaye shaɓe-shaɓe har cikin gemu.

"Haka take yi!" na ƙwala masa. "Sai ta munana kafin ta yi kyau! Sa folish!"

"Ban da satar amsa," in ji Baba. Amma na lura ya sauke ƙafarsa, ya matso da kujera.

Mai Burodi ya ɗiga folish a tsumma, ya shiga murzawa. To fa, an zo wurin! Murza ai gidansa ce. Kafaɗa na aiki, gumi na zuba, jan yana ta fitowa kamar ana kunna fitila a cikin ƙarfen. Ya sauya tsumma ya sake bi, ya sake bi, har dariyar surukan Baba ta ɗauke ɗif.

Da ya ja da baya, wallahi ƙofata ta fi ukun can kyau.

Baba ya tashi ya saka tabarau. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya karkata kai, ya haska tocila ta gefe yana neman zane ko ɗaya. Babu. Sai ya tsuguna daidai tsakiyar ƙofar, ya ƙura mata ido.

"Akwai aibi," ya ce.

Na miƙa wuya ina leƙen ƙofar.

"Ina, Baba?" in ji Mai Burodi.

Baba ya nuna fuskarsa da ke cikin jan fentin.

"Ga shi nan. Wani tsoho ne a ciki... shi kaɗai."

Sai a lokacin na gane. Tun rasuwar Mama ni ce mai haɗa masa shayi, ni ce mai nemo masa tabarau alhali yana kan goshinsa, ni ce abokiyar faɗansa. Ashe ba fentin yake tsaro ba. Tausayinsa ya kama ni. Na je na tsuguna a gefensa, fuskata ta shiga ƙofar kusa da tasa.

"Baba..."

Sai gani muka yi haske ya ragu. Mai Burodi ne ya durƙusa a bayanmu, ya cika sauran ƙofar kaf, har kunnensa ɗaya bai samu wuri ba.

"Baba, ni ma na ga aibi," ya ce.

Baba ya juyo a fusace. "A motata?"

"Ƙofofi kawai ke ƙyalli. Dubi bonet, dubi rufi, dubi but ɗin baya, duk sun dushe. Ga ni da nawar aiki, ka gani da idonka. Ko duk Asabar muka zo ni da Auta, ban ga ranar gamawa ba."

Baba ya dube shi, ya dubi rufin motar, ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Rufin nan wuya gare shi," ya ce can ƙasa. "Sai an bi shi a hankali ƙwarai."

"A hankali ƙwarai, Baba."

"Kuma ba a aiki da yunwa. Ka riƙa zuwa da burodi mai zafi."

"Baba!" na ce, ina kuka ina dariya. "Ka yarda ke nan?"

"Ke tafi can, kin cika min ƙofa da hawaye."

An ɗaura mana aure, a motar aka kai ni, Baba da kansa ya tuƙa. Da muka zo kwana ya taka burki, ya zuge gilashi, ya ce wa mai shago ya fito ya duba fuskarsa kyauta.

Yanzu ɗanmu na fari har ya fara tafiya, amma ba a kai rabin rufin ba. Asabar ɗin da ta wuce na kama su. Mijina yana ta shuu... shuu... da gaskensa, na leƙa sai na ga soso ne zalla a hannunsa, babu samfefa ko ƙyalle. Baba yana zaune da jikansa a cinya, bakinsa cike da burodi, yana ba da umarni.

"A hankali, Buhu. Ina kake sauri?"