Ragon da Aka Hana Yankawa

Muhammadu Lawal maigadi ne a wani gidan gona da ke bayan Likoro, inda likitoci ke binciken shanyewar ɓarin jiki. Akwai rago guda da suka jawo wa ciwon da gangan, suka aske masa kai, suka liƙa wayoyi zuwa na'urar da ke zana motsin ƙwaƙwalwarsa a layi.

Dokta Agnes, shugabarsu, ta ce, "Baba, ko mutuwa zai yi, kada ka taɓa shi. Wanda ya taɓa, a bakin aikinsa."

Da magariba ragon ya fara shure-shure. Shekararsa saba'in, Muhammadu Lawal bai taɓa zuba ido dabba ta zama mushe ba. Ya yi bisimilla ya yanka. Layin ya kwanta. Tsohon ya zauna a benci, ya yanke cewa da safe ɓarayi zai ɗora wa laifin.

Wajen ƙarfe biyun dare wani ya yi sallama. Dogo ne, yana jan ƙafar hagu, baki a karkace, warin garke na tashi daga rigarsa.

"Baba, wa ya yanka?"

Na'urar ta yi ƙara, layin ya yi tsalle. Da baƙon ya yi shiru, layin ya koma ya kwanta.

"Kai nake tambaya, Baba."

Layin ya sake tsalle. Ragon kuwa yana nan a sandare, jininsa ya daskare tuntuni.

Tsohon bai ji tsoro ba, bai ji komai ba. Ya ciro makullan gidan daga aljihu ya ajiye a kan benci.

Ya ce, "Ni ne."