Hasken da Ya Ƙone Marcelle

Da magariba Orville ya sauka ɗakin wankin hotonsa da ke ƙarƙashin gida, riƙe da fim ɗin da ya daɗe yana gudun taɓawa. Hotunan matarsa Marcelle ne a ciki, na ranar da suka je kamun kifi, gab da rasuwarta. Mace ce da ta tsani kyamara. Duk zamansu, ranar kaɗai ta yarda ya ɗauke ta.

Kowane mai wankin hoto ya san doka: fim in ya fito daga gwangwaninsa, ko ƙyallin ashana ya gani, ya ƙone. Orville ya kulle ƙofa, ya kashe har jar fitila, ya zaro fim ɗin yana naɗewa da lalube.

Tsamin ruwan wanki ya cika ɗakin. Can sai ƙamshin man lemon da take shafawa a hannu ya ratso.

Sai wata siririyar ƙara, kamar kukan sauro. Filashin kyamara ne a kan tebur yake ɗaukar caji. Shi kuwa tun bara ya cire masa batir.

"Orville," aka raɗa. "Har yau kana lalube a duhu kamar ɓera?"

Haka take tsokanarsa. Hawaye suka zubo masa.

"Marcelle, ke ce?"

"Wa kake tsammani, tsoho? Ga ni gabanka. Danna filashin ka gan ni."

"Fim yana waje. Bari in rufe shi."

"Ba zan jira ba. Ni kake so, ko leda?"

Wasu yatsu masu sanyi suka ɗora masa filashin a tafin hannu. Ya san abin da zai rasa, wallahi ya sani. Kewa ta fi ƙarfinsa.

Ya danna. Haske ya walƙa, ya ga abin da ke gabansa.

Rigar Marcelle ce, shuɗiya. Abin da ke cikinta ya kai rufi. Ba ido, ba hanci, sai baki yana dariya.

Da rarrafe ya haye matakala, ana jan ƙafarsa. Takalminsa ɗaya a can ya bar shi.

Da rana ta fito ya koma ɗakin tare da maƙwabcinsa, ya wanke fim ɗin. Baƙi ƙirin, daga farko har ƙarshe.

Orville bai sake ɗaukar hoto ba. Abin da ya fi cinsa, duk sanda ya rufe ido don ya tuno fuskar Marcelle, wancan bakin ne yake zuwa.