Ɗumin Tsohon Kati

Da magariba Zakiyyu mai gyara ya iso kamfanin casar shinkafa na bayan garin Fassi, riƙe da sabon katin sarrafa inji da ya sha wuyar nemowa a Kano. Kowa ya tafi masallaci. Ya kashe wuta, ya buɗe akwatin injin babu ko bisimilla, ya zaro katin da ya ƙone.

"Mayar da shi, ɗana," in ji wani tsoho a bayansa, murya kamar daga rijiya. "Shekara tara ina jin ɗuminsa."

Tsohon ya karɓe katin. Zakiyyu ya dubi ƙasa, a kan ɓuntun da ya rufe daɓen babu sawun tsohon, sai nasa shi kaɗai. A tafin hannun tsohon kuwa, ƙonannen katin ya kawo koren haske.