Injin da Ya Kasa Hawa Tudun Asibiti

A tsakiyar tudun asibiti motar ta tsaya, ranar Litinin da safe. Malama ta sa giya ta ɗaya, ta taka totur har ƙasa, motar ta yi ta gurnani tana ja kamar an ɗaure ta ta baya, ƙarshe ta mutu. A kujerar baya ga Baba da ƙannenta biyu da suke tallafe shi, a but ga kekensa da tukunyar iskar da yake shaƙa. Masu tafiya a ƙasa ne suka tura su zuwa ƙofa, kuma Baba ya makara wankin ƙoda da kusan awa guda.

Wani mai gyara da ke bakin ƙofar ya ɗaga bonet, ya leƙa, ya ce, "Hajiya, laifin motar me? Ƙaramin inji kika ɗora wa kayan babba."

"Babba ne, 1.8," in ji ta.

"A jikin but haka aka rubuta. A nan ciki 1.4 ne."

Da azahar tana ofishin 'yan sanda, gaban teburin Sufeto. Shi Sufeto shekara goma sha biyu ya yi yana tuƙa motar ofis kafin a ba shi tebur, kuma har yanzu kunnensa ya fi yarda da inji a kan mutum. Ba ya gaggawa, ba ya ɗaga murya, abin da ke sa masu gaskiya su ƙosa, marasa gaskiya kuma su yi ta surutu.

"Me ya sa kika zaɓi babban?" ya tambaya. "Malaman makaranta ƙarami suke nema."

"Ni ma shi na so, ranka ya daɗe. Ya fi araha, ba ya shan mai. Wata biyu ina kai-kawo tsakanin biyun. Amma sau biyu a mako nake hawa tudun nan da mutum huɗu da kaya. Na haƙura da mota mai sanyi, na haƙura da mai kyan jiki, na ɗauki wannan mai tsagaggen gilashi saboda injinta kawai. Na gwada ta a tudun kafin in saya, kuma ta hau ba ko tari."

"Daga ranar zuwa yau, hannun wa ta shiga?"

Ta lissafo mutum uku. Dillali ya sayar mata ranar Asabar. Mijin yayarta, direban haya, ya karɓa Litinin don ya yi mata takardu, ya dawo da ita Laraba da yamma. Bakaniken unguwarsu ya yi mata juyen baƙin mai ranar Alhamis, motar ta wuni a garejinsa.

"Ba ki ji ta canza ba?"

"Na ji nauyi kaɗan ranar Juma'a, amma hanyar makaranta miƙaƙƙiya ce, kuma ni kaɗai ce a ciki. Na ɗauka ƙafata ce ba ta saba ba." Sannan ta ƙara da cewa, "Jibi Baba zai koma. Likita ya ce kar ya sake makara."

Sufeto ya fara da dillali, don kowa da dillali yake farawa. Ana ce masa Zaƙin Baki, kuma bai ci sunan a banza ba, domin kafin Sufeto ya zauna har ya yi masa tallan mota biyu. Da ya ji abin da ya kawo su, zaƙin ya gudu. Ya jawo wani tsohon fayil ya buɗe.

"Ranka ya daɗe, an taɓa yi mini irin wannan sharrin, tun daga nan na ɗauki darasi. Duk motar da za ta bar filin nan, sai na ɗora takarda a kan lambar injinta na goga fensir, lambar ta fito, mai saye ya sa hannu a ƙasa. Ga ta Malama."

Takardar ta yi baƙi-baƙi da fensir, lambar ta fito fara tas, har da wani ɗan tabo a gefen lamba ta ƙarshe inda guduma ta taɓa gocewa. A ƙasa ga sa hannun Malama da kwanan watan Asabar. Sufeto ya gwada ta da injin da ke motar yanzu, ko harafi ɗaya bai zo daidai ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"Wa ya rako ta sayen?"

"Mijin yayarta. Shi ne ma ya yi ta hana ta, wai mace me za ta yi da babban inji. Amma da muka hau tudun ya yi tsit."

Garejin bakanike rumfa ce ta kwano, da rami ɗaya da benci. Sufeto ya ɗaga kai ya dubi rufin, bai ga ƙarfe ko sarƙar da za a rataya inji ba.

"Me ka yi wa motar?"

"Juye, da sabuwar matatar mai. Shi ke nan."

"Baƙin mai nawa ta sha?"

"Galan ta kawo mai lita huɗu. Uku da rabi ta sha, na mayar mata da ragowar. Yana but ɗinta, in ba ta fitar ba."

Galan ɗin na nan kusa da tayar ko-ta-kwana. Sufeto ya girgiza shi, ya ji man yana motsi a ƙasa.

"Babban injin irin wannan motar fa, nawa yake sha?"

"Ai shi huɗun ma da ƙyar take isar sa." Bakaniken ya tsaya, ya dubi Malama. "Wai babba kika saya? Wallahi ranar na fara ganin motar, na ɗauka haka ta zo."

A hanya Malama ta ce ita dai hankalinta bai kwanta da shi ba, wuni guda ai ba kaɗan ba ne. Sufeto ya ce wanda ya sace inji ba zai zuba miki shaidarsa a galan ya miƙo miki da hannu biyu ba. Ita kuwa ta san wanda ya rage, kuma ba ta so ya zama shi.

Sun sami mijin yayarta a tasha washegari da safe, yana goge gilashin motarsa. Irin ta Malama ce sak, sai dai fenti, da 1.4 a jikin but. Ya tarbe su da fara'a, ya ce takardu ne suka ci masa kwana uku, kowa ya san halin layin ofishin. Sufeto bai musa ba, ko da yake ya riga ya ga hatimin takardun na Litinin ne.

"Asibiti za mu, ka kai mu mana," in ji shi. "Ta Malama ba ta hawa."

Ya kira 'yan sanda biyu masu jiki suka cika baya tare da Malama, shi ya zauna gaba. Hira suka yi ta yi a kan tsadar taya. Da suka iso gindin tudun, daidai wata bishiya, hannun direban ya tafi kan giya da kansa, ya kama, sai ya saki ya mayar kan sitiyari. Motar ta haye a giya ta uku, da mutum biyar a ciki, ko numfashinta bai canza ba.

"Shekara nawa kana bin hanyar nan?" Sufeto ya tambaya.

"Ta kai takwas."

"Kuma kullum a bishiyar nan kake komawa ta biyu."

Direban ya ƙura wa hanya ido.

"Hannunka bai manta ba, motar ce ta daina buƙata. Tsaya a nan gefe, ka buɗe mana bonet."

Sufeto ya fito da farar takarda da fensir, ya sunkuya ya goga a hankali. Lambar ta fito, da ɗan tabon guduma a gefen ta ƙarshe. Ya ajiye ta kusa da ta dillali a kan rufin motar, ya danne su da waya don kar iska ta ɗauke.

"Ga yadda abin yake," ya ce da Malama. "Ranar Asabar injin na cikin motarki, takardar dillali ta nuna. Ranar Alhamis ba ya ciki, ragowar man ta nuna. Tsakani kwana uku ne, a hannun mutum ɗaya, alhali takardun motar sun gama fitowa tun ranar farko. Kuma injin nan ba kowace mota yake zama a cikinta ba, sai irinta. Saura in ji da kunnena, na kuwa ji."

Direban ya jingina da ƙofa. Ya ce wani gareji ne a bayan gari suka yi masa aikin, inji da giya da duk wayoyinsu. Sannan ya juyo wajen Malama, da muryar mai ba da shawara.

"Ƙanwata, ki duba fa. Ni nake lodi, ni nake buƙatar ƙarfi. Ke makaranta ce da gida. Ƙaramin lafiyarsa ƙalau, kuma man da za ki riƙa ragewa a wata ba kaɗan ba ne. Wallahi har cewa na yi gata na yi miki."

Ran Malama ya ɓaci sosai, amma muryarta ba ta tashi ba.

"Yaya, kana zaune kusa da ni na faɗa wa dillali abin da zan riƙa ɗauka. Jiya Baba yana baya yana haki, yana ce mini kar in damu, shi ne ya yi nauyi. Haƙuri yake ba ni, Yaya."

Direban ya sunkuyar da kai. Sufeto ya ce maganar kotu tana hannunta, shi dai zai rubuta abin da ya gani, mai garejin kuma zai zo ya yi bayani. Ta ce wannan sai ta zauna da yayarta tukuna. Abin da take so yanzu a mayar da kowane inji gidansa kafin gobe da ƙarfe takwas. Aka yi aikin a farfajiyar ofis, bakaniken unguwa yana tsaye a kai, kuma da ya zo juye sai da galan ya ƙare tas.

Ranar Laraba da safe Sufeto ya tsaya a ƙofar asibiti, wai wucewa yake yi. Ya hango motar mai tsagaggen gilashi ta taho daga gindin tudun, ta wuce bishiyar ba ta rage gudu ba. Da ta tsaya, ƙannen suka fito da keken, Baba ya leƙo ta taga ya dubi 'yarsa.

"Yau kam ban yi nauyi ba ko?"

"Ba ka taɓa yi ba, Baba," in ji ta. Ta dubi agogo, saura minti ashirin.