Ranar Da Injin Niƙa Ya Yi Shiru

A wani ƙauye mai nisa an yi wata budurwa, Tasalla, mai taya kawunta aiki a wurin niƙa. Tun safe har yamma inji na ta ruri. Mata su kawo dawa, bakinsu na motsi, Tasalla ta ce, "Me kika ce?" Su maimaita, ta ce, "Me kika ce?" Sai su gaji, su ɗauki garinsu su tafi.

Rannan inji ya yi tari, ya mutu.

Kawu ya ce, "Tasalla, koma gida. Babu niƙa, babu aiki."

Hankalinta ya tashi, don da aikin nan take ciyar da kakarta. Ta zauna a bakin ƙofa, tana jin hirar matan da suka zo.

Wata tsohuwa ta ce, "Ni tankaɗe ne yake karya mini baya."

Wata mai goyo ta ce, "Wallahi, Iya! Kullum sai na roƙi yarinyar nan ta tankaɗe mini in biya ta, sai ta ce wai me na ce."

Tasalla ta ruga ta aro rariya.

Da aka gyara inji, ta shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya, nesa da rurin. Duk wadda aka niƙa wa, wurinta take nufa.

Kawu ya leƙo, gari har gira, ya ɗaga murya: "Tasalla! Zo ki zuba mini dawa!"

Ta yi murmushi, ta kama kunne. "Me ka ce, Kawu?"