Shuɗin Katin Haidar

Saffana na zuba shayi a ɗakin yayanta Tankari, tsakanin kwalayen takalman da yake aikawa Kano daga kasuwar Sanyuanli, can ƙasar waje inda suke zaune. A gabansu Haidar ne ya tanƙwashe ƙafa yana neman aurenta, abokin karatunta Bafalasɗine, wanda kakansa Kallamu ya tafi Hajji a ƙafa daga Haɗeja, ya ƙarasa Ƙudus ya zauna a bakin Masallacin Aƙsa.

"Sharaɗina ɗaya," in ji Tankari. "Ka aure ta, ku zauna Kano."

Haidar ya ciro wani shuɗin kati, ya ce da gurguwar Hausarsa, "Yaya, wannan ne izinin zamana a garinmu Ƙudus. In na tare a wata ƙasa, soke shi za a yi. Kakata kuma tana can a ɗan ɗaki ɗaya, ni kaɗai gare ta."

"Kati ya fi ƙanwata ke nan?"

Tankari dama zuciyarsa a kusa take. Ya fizge katin, ya cilla kan rishon da ke ci.

"Please, Yaya!" Saffana ta ƙwalla ƙara.

Haidar ya tura hannu cikin wutar ya damƙo shi. Ƙaurin fata ya cika ɗakin. Tankari ya zare bel ya shiga tsula masa, ƙarfen ya fasa masa gira, jini ya wanke masa ido. Saffana ta faɗa tsakaninsu, ita ma ta sha ɗaya a kafaɗa, tana kuka kamar ranta zai fita.

Haidar bai rama ba. Ya ɗaga ƙonannen hannun, ya ce, "Soja ya taka hannun nan a ƙofar gidanmu, ban saki katin ba. Amma shi ban taɓa ce masa Yaya ba."

Bel ɗin ya suɓuce daga hannun Tankari ya faɗi.

Wata biyu Saffana tana haƙuri, tana gaishe da yayanta yana kau da kai, kunya ta hana shi kallonta. Wata Juma'a aka idar da salla a Masallacin Huaisheng, sai ga Tankari ya riƙo hannun Haidar mai tabo a gaban jama'a.

"Na ba ka ita," ya ce. "Wanda ya sa hannu a wuta don kakarsa ba zai saki ƙanwata ba."

Mahaƙurci mawadaci. Son da ya ce ka yar da naka, wata rana kai zai yar.