Ranar Da Aka Kawo Wuta

"Kowa ya kwanta! Wanda ya ɗago kai sai na fasa shi!"

Tsakar rana ce, a benen wani mai sayar da gwal. Su uku suka hau: Oga, da Dogo, da ƙanen Dogo da ake kira Mai Walda. Wannan ce fitarsa ta farko.

Wallahi da can ba ɓarawo ba ne. Shagon walda gare shi. Taransifomar unguwarsu, wadda benen mai gwal ma ke kanta, ta ƙone, wata da watanni babu wuta, babu aiki, har matarsa ta fara sayar da kwanukanta. Dogo ne ya ja shi.

"Fita ɗaya tak, ƙanena. Ni zan maido ka gida da hannuna."

Shirin mai sauƙi ne. A shiga ta gaba, a fice ta tagar baya. Wata ƙatuwar wayar wuta ta tsinke tuntuni, tana reto daga falwaya a jikin tagar, ba wanda ya zo ya ɗauke ta. Ita ce igiyarsu. Jiya Dogo ya kama ta ya jijjiga, ya ce, "Matacciya ce."

An cika jaka. Sai jiniya!

A ƙasa, babban ɗan sanda yana ihu: "Ku tare matakala! Ba su da wata hanya!"

"Taga!" in ji Oga.

Mai gwal ya ɗago kai, baki duk jini. "Don Allah kada ku bi ta nan. Masu gyara suna kan taransifoma tun safe."

Tas! Oga ya kwaɗa masa mari. "Mu za ka yi wa wayo? Wutar da aka manta da kamanninta?"

Amma ya ji, mugun. Ya ji sarai. Ya kalli wayar, ya kalli Mai Walda.

"Kai, sabon shiga, fara sauka."

"Oga, bari ni in—"

"Dogo, riƙe ƙofa!"

Mai Walda ya waiwayo. "Yaya?"

"Sauka mana! Na ce maka matacciya ce!" in ji Dogo.

Mai Walda ya kama wayar da hannu biyu, ya fita.

A saman kansu fanka ta motsa. Ta juya. Ta ƙara juyawa.

"An kawo wuta! An kawo wuta!" Unguwa gaba ɗaya ta ɗauki shewa, har da tafi.

Mai Walda bai samu bakin ihu ba. Ya sandare jikin wayar, hayaƙi na tashi daga tafukansa. Dogo ya zabura — mai gwal, mutumin da suka fasa wa baki, shi ya rungume masa ƙafa.

"Kada ka taɓa shi! Za ta haɗa da kai!"

Oga kuwa? Ya sungumi jaka, ya dira kan rumfar maƙwabta ta wata tagar gefe. Ko waiwaye bai yi ba.

'Yan sanda sun tarar da Dogo zaune a ƙasa, bindiga a gefe. Bai ko motsa ba da aka sa masa ankwa.

Aka jefa shi bayan mota, gawar ƙanensa a gabansa, an rufe ta da buhu. Kaico, ta layinsu motar ta bi. Ƙofar shagon walda a buɗe, ƙwan fitila na ci da rana tsaka. Matar ƙanen tana tsaye da tsintsiya, ta share shagon tas, fuskarta cike da murna, tana tare masu wucewa.

"Ba ku ga maigidana ba? In kun gan shi ku ce ya yi sauri, an kawo wuta!"